Majefin da Ba Shi da Hannun Dama, da Yaron da Na Ji wa Tausayi



Yau zan yi maganar wani wasa da ba mu yi a nan, wanda ni kaina ban taɓa riƙe ƙwallonsa ba. Ku yi haƙuri da ni, da dalili. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina koyarwa a firamare, kuma cikin kurakuran da na yi da alli a hannu akwai guda da ban san girmansa ba sai da na ji labarin wani Ba'amurke mai suna Jim Abbott.

Bara ne wani abokina, wanda muka fito makarantar horon malamai tare, ya turo mini ɗan bidiyo ta WhatsApp. An nuno wani dogon Bature cikin fararen kaya masu ratsi, ya ɗaga ƙafa ya wurga ƙwallo da hannun hagu. Abin da ya biyo bayan jifan ne ya tsayar da ni. Wata babbar safar fata da ke ɗore a hannunsa na dama ta koma hannun hagu kafin ƙiftawar ido, ya cafe ƙwallon da aka doko masa, ya sake zare hannun, ya jefa. Sai da na maimaita kallo na lura hannun daman nan dungu ne, ba tafi, ba yatsu. A ƙarƙashin bidiyon abokina ya rubuta: "Nuna wa ɗalibanka, su san ba su da uzuri." Ban nuna musu ba, kuma zan faɗi dalili a gaba. Neman labarin mutumin na shiga yi, dare bayan dare, da ɗan Ingilishina na kwaleji da abin fassara na salula.

Sunan wasan besbol. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya yana tsayawa kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jifa, shi zan kira majefi. A gabansa, nisan mita 18 da kusan rabi, abokin hamayya na riƙe da kulki yana jira ya doki ƙwallon. Ƙwallon ba ta fi lemu girma ba, nauyinta wajen giram 145, ga tauri, kuma gwanayen majefa na sakinta da gudun kilomita 145 a awa ko fiye, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. In mai kulki ya doke ta ta faɗi inda ba a tare ba, sai ya ruga tasha ta farko. Tashoshi huɗu ne, wanda ya kewaye su duka ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In ya kuskure sau uku, ko aka cafe ƙwallon a sama, ko aka riga shi kai ta tasha, ya fita. Mutum uku suka fita, sai masu jifa su koma bugu. Zagaye tara ake yi, wato majefin da ya ƙare wasa shi kaɗai yakan fitar da mutum 27.

Da hannu ɗaya ake jifa, amma aikin na hannu biyu ne. Ɗayan hannun yana cikin safar fata, domin majefi na sakin ƙwallo ya zama mai tsaro, kuma cikin masu tsaron da ke gaban mai kulki shi ne ya fi kusa da kulkin. Ƙwallon na iya dawowa daidai fuskarsa da gudun da ya fi wanda ta tafi da shi.

An haifi Jim Abbott ranar 19 ga Satumba 1967 a Flint, garin masana'antun mota da ke jihar Mishigan, ba shi da tafin hannun dama. Iyayensa matasa ne ƙwarai a lokacin. Yana ƙarami aka sa masa hannun ƙarfe mai ƙugiya, bai so shi ba, daga baya aka bar shi ya ajiye. Abin da yake so shi ne wasa da yaran unguwa, yaran kuwa besbol suke yi. Sai ya samu bangon bulo da ƙwallon roba. Ya jefa, ta dawo, ya cafe. Da hannunsa ya saba, sai ya ƙara matsowa kusa da bangon don ta riƙa dawowa da sauri. Da haka ya gina dabarar da na gani a bidiyo: lokacin jifa safar na kife a kan dungun, yana sakin ƙwallo ya zura hagu cikinta, in ya cafe sai ya matse safar tsakanin hannun dama da ƙirji, ya zare hagu, ya ɗauko ƙwallon ya jefa. Mataki huɗu ne ko biyar, amma ya maimaita su har suka zama kamar motsi ɗaya.

Akwai labarin da shi kansa yakan bayar na wani malaminsa na firamare. Yaron bai iya ɗaure igiyar takalmi ba, a gida ake ɗaure masa da safe, in ta kwance a makaranta sai ya jira wani. Wata safiya malamin ya tarye shi ya ce ya gano yadda za a yi. Ashe ya koma gida ya yi ta gwadawa da hannu ɗaya har ya samo hanya. Ya ba sauran yara abin da za su kalla, ya fita da Jim waje inda ba idon kowa, suka zauna ya nuna masa.

A nan na ajiye salula, domin na tuna wani yaro.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina riƙe da ajin CM1 a wata makaranta ta bakin gari, yara saba'in da ƴan kai, uku-uku huɗu-huɗu a benci. Cikinsu akwai wani da ba zan faɗi sunansa ba. Yana rarrafe ya faɗa murhu, yatsun hannunsa na dama suka ƙone suka manne wuri ɗaya. Da hagu yake rubutu, da hagu yake miƙo kaye, kansa a sunkuye, don ya san a wurinmu miƙa wa babba abu da hagu rashin ladabi ne. Hannun daman kuwa a aljihu yake wuni. A lissafin ka babu kamarsa a ajin.

Ina son yaron, kuma ga yadda na nuna masa so. Na cire sunansa daga jerin masu shara da masu ɗebo ruwa. In ya makara na kau da kai. Ranar motsa jiki shi ke zama a inuwar bedi yana gadin takalman ƴan aji, alhali ƙafafunsa lafiya lau, da zai iya buga tamola kamar kowa. In aka zo darasin zane na lissafi, inda hannu ɗaya ke danne rula ɗaya na jan layi, sai in ce na kusa da shi ya zana masa, in ba shi shida bisa goma. Ba biyar ba, kada ya ji zafi. Ba takwas ba, kada sauran su yi ƙorafi. A raina ina ganin na kyauta. Ba a taɓa koya mana yadda za mu yi da irin wannan yaro ba, ni kuma ban nemi sani ba.

Na bi ajin zuwa CM2. Wata rana tsakiyar shekara babansa ya zo, muka tsaya bakin ƙofa.

"Mushe, yaron nan ya ce ba ya dawowa. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na tambaye shi ko wani ke tsokanarsa, ya ce a'a. Cewa ya yi kowa in ya ɓata kana yi masa faɗa, shi ko ya gyara ko ya ɓata, shida ce."

Na ce: "Malam, ai don lalurarsa ne nake sassauta masa."

Ya ɗan yi shiru, ya ce: "Haka ne, Mushe. Allah ya saka da alheri." Ya tafi. Yaron ya ƙara zuwa na ƴan makonni, bayan hutu ban sake ganinsa a benci ba. Na rubuta shi cikin waɗanda suka bar makaranta, na ɗora laifin a kan talauci, kamar yadda muka saba.

Da wannan yaro a zuciyata na ci gaba da karanta labarin Abbott, ina neman inda aka ba shi irin shidar nan tawa. Ban samu ba.

A sakandaren Flint ya zama majefin makaranta, ya kuma jagoranci ƴan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda da hannu ake jefa ta. Tun a nan abokan hamayya suka gane inda za su gwada shi. Akwai wata dabara a besbol: maimakon mai kulki ya doki ƙwallo da ƙarfi, sai ya ɗan tare ta ta gangara gaban majefi, shi kuma ya ruga. Dole majefi ya sheƙo ya ɗauka ya jefa tasha ta farko kafin mai gudu ya isa. Ga mai hannu ɗaya wannan shi ne mafi wuya, don haka suka yi ta yi masa. Ba wanda ya hana su. Ba a rage masa nisan tudun ba, ba a kafa masa wata doka ta daban ba. Shi ne ya koma ya ƙara sauri har dabarar ta daina biyan masu yin ta.

A Amurka kowace shekara manyan ƙungiyoyi na zaɓen matasa bi da bi. A 1985 Toronto Blue Jays ta zaɓe shi can a zagaye na 36. Bai karɓa ba, ya tafi Jami'ar Mishigan ya haɗa karatu da wasa. A 1987 ya ci kyautar Sullivan, wadda a lokacin ake ba fitaccen ɗan wasan da bai shiga wasan kuɗi ba a duk faɗin Amurka, kuma shi ne ɗan besbol na farko da ya same ta. A shekarar ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin nahiyar Amurka da aka yi a Indianapolis, ya kuma ci ƙungiyar Kyuba a gidanta, a Havana. A 1988, a wasannin Olimfik na Seoul, inda besbol ke matsayin wasan nuni, shi aka ba jifa a karawar ƙarshe da Japan. Ya yi zagaye tara cif, Amurka ta ci 5 da 3. A zaɓen wannan shekara California Angels ta ɗauke shi na takwas a duk ƙasar.

Galibin matasa sai sun yi shekaru a ƙananan rukunoni kafin su hau babban rukuni, da yawa ma ba sa hawa har abada. Abbott ya hau kai tsaye a Afrilun 1989. Wasu suka ce Angels talla take yi da shi don ta sayar da tikiti. Ya ci wasa 12, aka ci shi 12 a shekarar farko, abin da ba ƙarami ba ne ga sabon shiga. A 1991 ya ci 18 aka ci shi 11, ya zo na uku a zaɓen Cy Young, kyautar gwarzon majefi ta rukuninsu.

Ana auna majefi da wani lissafi: matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye tara. Ƙarancin adadin shi ne kyaunsa. A 1991 nasa 2.89 ne. A 1992 ya sauka zuwa 2.77, wato jifansa ya ƙara kyau, amma wasa 7 kawai ya ci, aka ci shi 15, saboda masu bugun ƙungiyarsa ba su ci masa maki ba. Malami ya san wannan: adadi ɗaya ba ya faɗin duk aikin yaro. Amma adadin Abbott, ko ya yi masa adalci ko bai yi ba, daga abin da ya faru a fili aka samo shi. Shidar da nake ba yarona daga zuciyata kawai take fitowa, ba abin da take aunawa.

A ƙarshen 1992 aka mayar da shi New York Yankees, ƙungiyar da magoya bayanta da jaridun garinta ba su san sassauci ba. Shekarar 1993 ba ta yi masa daɗi sosai ba. A ƙarshen Agusta, a garin Cleveland, ƙungiyar Indians ta ci maki bakwai a hannunsa, aka fitar da shi kafin a gama zagaye na huɗu. Kwana shida bayan haka, ranar 4 ga Satumba 1993, ya sake haɗuwa da su a filin Yankees. Cikin masu bugunsu akwai Kenny Lofton, Carlos Baerga, Albert Belle, Jim Thome da Manny Ramirez, sunayen da duk mai bin wasan ya sani. Zagaye ya bi zagaye, ba wanda ya samu bugu mai kai shi tasha. Sau biyar masu kulki sun wuce tasha ta farko don jifansa ya kauce, abokan wasansa sun tare masa wasu ƙwallaye masu wuya, amma bugu ko ɗaya bai shiga ba. A zagaye na tara Lofton, mai gudu kamar barewa, ya gwada tsohuwar dabarar nan ta tare ƙwallo ta gangara. Ta fita gefe, ƴan kallo suka yi masa ihu. Daga ƙarshe Baerga ya doko ta ƙasa, aka ɗauka aka jefa tasha ta farko, wasa ya ƙare 4 da nema. Kammala wasa ba tare da an samu bugu ko ɗaya ba abu ne da majefa da yawa, har da manyan gwanaye, ke gama aikinsu ba su taɓa yi ba.

Na daɗe ina tunanin abin da Lofton ya yi. Ƴan kallo sun ga rashin kunya. Ni kuwa na ga mutumin da ya ɗauki Abbott abokin karawa na gaske, wanda sai an yi amfani da kowace dabara kafin a ci shi. Ban ce ya yi da niyyar girmamawa ba, nasara yake nema. Amma da tausayi ya hana shi gwadawa, da darajar wasan nan ta ragu.

A nan masu yaɗa bidiyo ke tsayawa, amma labarin bai ƙare ba. Bayan ya ratsa Chicago White Sox ya koma Angels a 1995, ƙarfin jifansa ya soma raguwa. A 1996 ya ci wasa 2 aka ci shi 18, lissafinsa ya hau 7.48. Aka saukar da shi ƙaramin rukuni, wurin da ya tsallake yana saurayi. Kafin a soma kakar 1997 aka sallame shi, ya zauna gida shekara guda. A 1998 ya sake farawa daga ƙasa tare da White Sox, ya hauro a watan Satumba, ya ci wasa biyar cikin biyar. A 1999 ya koma Milwaukee Brewers, a rukunin da a lokacin dole majefi ma ya riƙe kulki in layinsa ya zo. Ya riƙe, har ya samu bugu biyu cikin gwaji 21. Amma jifan bai dawo ba: ya ci 2, aka ci shi 8, aka sallame shi tsakiyar shekara. Bai cika shekara 32 ba. Jimillar aikinsa a kaka goma: ya ci 87, an ci shi 108.

Wannan shekarar ta 2 da 18 ita ce ta fi koya mini abu. Da jifansa ya lalace an rubuta ya lalace, an saukar da shi, an sallame shi, kamar yadda ake yi wa kowane majefi. Ba wanda ya ce a bar shi ya ci gaba don ba shi da hannu. Saboda an bar shi ya faɗi, shi ya sa ba mai shakkar cewa nasarar 1991 da ta 1993 tasa ce. Yarona kuwa na rufe masa ƙofar faɗuwa, ban lura ba cewa ta nan ake bi a kai ga ci. Ya gane haka yana ɗan shekara goma sha biyu. Ni sai da na wuce arba'in.

Shekara uku da suka wuce, kafin in san Abbott, tayar motona ta yi faci a hanyar kasuwa. Na tura shi wurin wani mai gyara. Saurayin ya cire tib ɗin, ya danne shi a gwiwa da dunƙulallen hannun dama, ya kankare da hagu, ya shafa gam, ya liƙa, ya mayar. Sai ya ɗago ya ce: "Mushe, ina wuni? Ba ka gane ni ba?" Ya ƙi karɓar kuɗi. Na tafi ina murna, ina cewa Allah ya buɗa masa hanya. Ban tambayi kaina ba yadda aka yi hannun da ke danne tib ya kasa danne rula.

Daren da na karanta labarin igiyar takalmi ne na yi wannan tambaya. Na dunƙule hannun dama na zura cikin safa, na ɗauki rula da fensir da hagu. Layin farko ya karkace, na biyu ma, don rular na zamewa. Na gwada dannewa da tsintsiyar hannu, ya ɗan yi dama. Sai na yanko siririyar roba daga wani tsohon tib na liƙa a bayan rular, ta daina motsi. Layi ya fito sambal. Na duba agogo, ko rabin awa ban yi ba. Rabin awa, cikin kusan shekara biyu da yaron ya yi a gabana.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni nuna wa ɗalibaina bidiyon da saƙon abokina. Cewa yaro "dubi wannan, kai ba ka da uzuri" bulala ce. Abbott mutum ne mai baiwar jifa da ko cikin masu hannu biyu ba kasafai ake samu ba. Ya samu iyayen da suka bar shi ya fita wasa, ya samu makarantu masu filaye da masu horarwa. Yaron da ke ajinmu ba sai ya zama gwarzon duniya ba kafin ya cancanci a koya masa jan layi. Shi kansa Abbott ya ɗauki nauyin zama abin misali. A garuruwan da yake zuwa wasa iyaye kan kawo masa ƴaƴansu masu irin lalurarsa, yana kuma tsayawa ya gana da su, amma ya sha nuna cewa burinsa a auna shi a matsayin majefi. In har za a tura wa wani wannan bidiyo a ce ba shi da uzuri, mu manya ya kamata a tura wa.

Ba kuma ina cewa mu yi kamar ba mu ga lalura ba. Wannan ma zalunci ne. Malamin da ya ce wa yaro mai hannu ɗaya "ka ɗaure takalminka kamar kowa" ya juya baya bai fi ni ba. Akwai yaran da lalurarsu ke bukatar ƙarin lokaci, ko benci na gaba, ko rubutu manya-manya, ko likita, kuma haƙƙinsu ne a ba su. Abin da malamin Flint ya yi shi ne ya bar aikin yadda yake, takalmi dole ya ɗauru, ya canza hanyar kaiwa gare shi. Ni aikin na ɗauke gaba ɗaya. Kowace 3 ga Disamba, ranar masu bukata ta musamman ta duniya, mukan ji ana cewa nakasa ba kasawa ba ce, mu tafa. Kashegari mu koma aji mu ajiye yaron a inuwa yana gadin takalma.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne. Ko ranar 4 ga Satumba mutum takwas ne ke tare da Abbott a fili. Amma karin maganar ba ta ce a kori mai hannu ɗaya daga wurin ɗaukar jinka ba. A ba shi gefensa ya kama.

Ga ƴan uwana malamai, abin da nake yi yanzu ke nan, ko zai yi wa wani amfani. In ina da yaro mai lalura, kafin in cire shi daga wani aiki sai na gwada aikin da kaina a gida yadda jikinsa yake. Ina nuna masa abin da na gano mu biyu, ba a gaban aji ba. Sunansa na cikin jerin masu shara. Makin da ya ci nake ba shi, uku ne ko tara, in kuma rubuta masa gyara da jan bik kamar kowa. Ga iyaye kuma, ina roƙo: in kun ga kayen ɗanku mai lalura maki iri ɗaya ne kullum, ba gyara ba faɗa, ku zo ku tambaye mu. A gida ma kada ƙannensa su riƙa yi masa abin da zai iya koya. Ku bar shi ya ɓata ya sake, ko da zai ɗauki lokaci.

Watan jiya na koma wurin mai facin, da rulata mai roba da takarda a jaka. Na jira ya sallami mutane, na ce: "Na zo neman gafara ne. Na cuce ka a aji ina zaton taimakonka nake." Ya yi dariya ya ce: "Haba Mushe, ai ya wuce." Na fito da rular ina nuna masa dabarata. Ya karɓa, ya juya ta, ya ɓare robar ya ajiye gefe. Ya ɗora takardar a kan benci, ya kwantar da hannun damansa a tsawon rular, ya ja layi da hagu, miƙaƙƙe, a karo na farko.

"Haka nake yi a gida tun lokacin," in ji shi. "Ba ka dai taɓa cewa in yi ba."

Don haka na ƙara abu ɗaya a kan waɗanda na lissafa, kuma shi ya kamata ya zo farko: a tambayi yaron.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ke hannunmu. Wassalam.